Rolar Anga Da Takalmin Amal

"A'a, miƙo waccan babbar," in ji Kadri, yana ture ƙaramar rolar da mai shago ya ajiye masa.

Mai shagon ya sake bayani. Rola ƙarfe ne mai 'yar taya da ake ɗaurawa a goshin jirgin ruwa, sarƙar anga, wato ƙugiyar da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ta riƙa bi ta kansa, kuma dole ya zo daidai da wuyan angar. Kadri ya gyaɗa kai, amma bai ji ba. Tun yana yaro a zangon Kumasi ya san ba a sayen abu cif-cif, sai da ɗan sarari. Shekarun da ya yi yana jan tasi a New York ba su canja masa ra'ayi ba.

'Yarsa Amal ta buɗe baki, sai ta kalli ƙafarta. Takalmin da za ta saka ranar bikin gama makaranta ne take gwada tafiya da shi, ta cusa tsumma a gaba, duk da haka yana faɗuwa. Ta roƙa a canja, babanta ya ce za ta girma ta cika shi. Shekarunta goma sha takwas! Tsoron faɗuwa a gaban jama'a har barci yake hana ta. Ta rufe bakinta, ta ma karɓi babbar rolar da ladabi ta kai mota.

A City Island, inda tsohon jirginsa mai tafiya da iska yake ɗaure, Kadri ya durƙusa yana gumi. Rolar ta fi goshin jirgin faɗi, ramukan kusoshi biyu suna leƙen ruwa. Da ya ɗora anga don gwaji, sai ta yi ta rawa a ciki, ta zame ta kwarzane sabon fentin da ya shafa da hannunsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Amal ta zauna a bakin gadar da ake ɗaure jirage, ta miƙe ƙafafu inda zai gani.

"Baba, kar ka damu. Boat ɗin zai girma ya cika shi."

Ya ɗago a fusace. Daidai nan takalmin hagu ya suɓuce, ya faɗo cikin jirgi, tsumman ya fito. Kadri ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki takalmin ya sa a leda ɗaya da rolar.

"Tashi mu je, kafin su rufe."

"Wane shagon, Baba?"

"Naki ya fi kusa," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba.