Fankar da Na Zaɓo

Naushi ɗaya Harisu ya kai wa Maharazu, idon hagu ya fashe. Ni ban ga shigar naushin ba, don lokacin ina bayan fili ina cacar baki da wani ɗan iska da ya taka mani jaka. Ihun mutane na ji, kalangu ya tsaya cak, na kutso na tarar da Maharazu kwance a ƙasa, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa.

Harisu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mahauci kamar ubanmu, kuma ɗan dambe. Ni Gide na bar wuƙa tun da wuri na kama kwamfuta. A kasuwar Yankara nake da rumfa, ina tura wa mutane waƙa da wa'azi da dambe cikin waya. Shekarun nan kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa, 'yan kwangila sun rasa inda za su kai nasu, shi ne wani ya sa sabon babur a dambe, a tsakiyar bazara kuwa, don tsabar iya shege. Maharazu ya taso daga Sabuwa da jama'arsa don babur ɗin nan, ya koma gida da ido ɗaya.

Ba a yi nisa ba mutanen Sabuwa suka dawo, mota cike, da gorori da adduna. Yayan Maharazu, wani dogo mai suna Rabo, shi ya ja su. Suka ce igiyar da ɗan dambe ke naɗewa a hannu ba ta tsaga ƙashin ido haka, sai dai in an cusa ƙarfe a ƙarƙashinta. Suka ce hannun da ya yi aikin suke so, su tafi da shi. Rumfata suka fara zuwa, suka farfasa bencina, wani ya gwabje ni da gora a kafaɗa, ni ma na fasa mashi baki da kujera. Ba don Baba Audi ya iso ba, da an yi gawa a kasuwar nan.

Baba Audi shi ne dattijon mahautanmu, kuma ko mutanen Sabuwa suna jin nauyinsa. Ya tsaya tsakani da sandarsa, ya dubi Harisu ya ce, "Kai, ka sa ƙarfe?"

Harisu ya ce, "Wallahi, Baba, ban sa ba."

Sai na tuna da kyamarata. Ranar damben na ɗora ta a kan rufin wata a-kori-kura, na bar ta tana ɗauka, kuma daidai gindin motar Harisu ya zauna ya naɗe hannunsa. Na riga na zuba hoton a kwamfuta, na goge na cikin kyamarar don ina da bikin suna washegari. Ban kalla ba, don na'urar ta jima tana mani tsiya, da an sa mata hoto mai nauyi sai ta ɗauki zafi ta mutu. Na daki ƙirji na ce, "Baba, ina da shaida. Ku zo ku ga naɗin da idonku, in ya so kowa shi ji kunya."

Aka ɗauki kwamfutar da janareto aka kai zauren Baba Audi. Hoto ya fito, ga makaɗa, ga masu kirari, ga Harisu yana tahowa da igiya a kafaɗa. Kafin ya zauna, fit, allon ya yi baƙi. Na sake kunnawa, ko nan ba ta kai ba ta sake mutuwa. Rabo ya ɗauke ni da marin da sai da na ga wuta.

Ya ce, "Kai kake kashe ta, munafuki!"

Na yi kansa, aka rirriƙe ni. Baba Audi ya buga sanda a ƙasa ya ce in buɗe cikinta gaban kowa. Na kwance murfin, ga 'yar fankar da ke bayan akwatin kwamfutar ta ƙame, tsatsa da ƙura sun haɗu sun zama laka, ko da yatsa ba ta juyawa.

Baba Audi ya yanke magana. Na'ura za ta kwana a ɗakinsa a kulle, mabuɗi a aljihunsa, Harisu ma a gidansa zai zauna, ba mai taɓa shi. Ni in nemo fanka, gobe bayan la'asar a ɗaura ta gaban kowa. Ya ce, "In hannun yaron nan tsaf yake, ku hau motarku ku koma. In akwai ƙarfe, na zare hannuna. In kuma na'urar ta sake mutuwa, to ba shaida, sai a tafi gaban hukuma, kowa shi kai bakinsa."

Na kwance matacciyar fankar na jefa a aljihu. Zan fita Harisu ya riƙo mani riga a soro, ya ce a hankali, "Yaya, kada ka wahalar da kanka. Ko wace iri ka samu ka sayo, mai arha ma ta yi."

Tausayinsa ya kama ni. Yaro hannunsa ake so a cire, amma aljihuna yake ji. Na ce, "Rufe mani baki. Ko a Legas take sai na nemo wadda ta fi kowace."

Da safe na hau babur, na bi ta Sheme na nufi Kankara, wurin Abdulƙarim mai gyaran kwamfuta. Mutum ne mai baƙar magana, amma duk yankin nan ba wanda ya tara tarkace kamarsa. Ya juya matacciyar fankar a hannu, ya sunsuna ta, ya ce, "Gide, a rijiya kake ajiye na'urarka?"

Na ce, "In ta yi zafi jiƙaƙƙen buhu nake lulluɓa mata."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Goro ce? Ka toshe mata hanci, ka zuba mata ruwa a ciki, ka zo kana cewa tana maka tsiya. Ai kai kake mata."

Na ce, "Ban zo wa'azi ba, Abdulƙarim. Hannun ƙanena ke kan faifai." Na ba shi labari, dariyar ta ɗauke.

Ya jawo kwali ya zazzage. Ya ɗauko wata faffaɗa ya ce ita ce mai daɗin zama, iska da yawa ba ƙara, amma ramin akwatina ƙarami ne, ba za ta shiga ba. Ya ɗauko wata daidai girman tawa, sabuwa a leda, sakayau kamar murfin kwano. Ya ce, "Wagga ita kowa ke saye. Ga arha, ga shiru. In waƙa za ka tura, ta isa. Amma a zaure mai rufin kwano, cike da mutane, cikin wanga zafi, da hoto mai nauyi, ban ɗaukar maka alkawari. Tana iya kai ka, tana iya yar da kai a hanya."

Na ce, "Mi zan yi da mai yar da ni a hanya?"

Sai ya laluba ƙasan kwalin ya zaro wata baƙa, faɗinta ɗaya da tawa, amma kaurinta ya ninka, ga nauyi a hannu. Ya ce daga cikin manyan injunan nan da kamfanoni ke tara bayanai a cikinsu aka ciro ta, waɗanda ba a kashe su dare da rana. Ya gwada ramukan kusoshinta da na tawa, suka hau. Ya duba wutar da take ci, ya ce na'urata za ta iya ciyar da ita in aka jona ta kai tsaye, amma fa ba mai rage mata gudu, da ƙarfinta duka za ta tashi. Ya nuna mani 'yar kibiya a gefenta, ya ce ta kalli waje, don aikinta ta kwashe zafi ta fitar. Sannan ya jona mata wuta.

Kai! Sai da na ja da baya. Abu bai kai tafin hannu ba, amma ihu yake kamar injin markaɗe, har tana tafiya da kanta a kan tebur. Abdulƙarim ya ɗauki ɓawon rake ya miƙa mata, ta watsa mana shi a fuska.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ba ta da raga. Kada ka bar kowa shi kai hannu. Amma in dai zafi ne, ko a tanda ka sa na'urar ba ta mutuwa."

Na ce, "Ita nake so." Na dawo ina jin kamar na riga na ci shari'a.

Bayan la'asar zauren ya cika har waje. Mutanen Sabuwa a gefe ɗaya da gororinsu a cinya, namu a ɗaya gefen, Harisu a rakuɓe kusa da Baba Audi. Zufa na ɗiga mani daga haɓa na ɗaura fankar, Rabo na tsaye a kaina yana bin hannuna da ido. Ban mayar da murfin ba, don kada a ce na ɓoye wani abu. Da ta tashi da ihunta har wasu sun zabura. Na dubi Rabo na ce, "Yau sai ka kalla har ka gaji."

Makaɗa suka wuce, masu kirari suka wuce. Muka kai inda take mutuwa, ta wuce abinta, na taɓa akwatin na ji shi da sanyi. Ga Harisu ya zauna gindin mota ya fara naɗi. Na juya don in yi wa ƙanen nawa murmushi, sai na ga ba allon yake kallo ba. Fankar yake kallo, ya tura hannunsa na dama cikin hammata.

Na koma kan allo, na ga Harisun cikin hoto ya waiga dama, ya waiga hagu, ya juya wa jama'a baya. Bai san ya juyo wa kyamarata gaba ba. Hannunsa na hagu ya nufi ƙugun wandonsa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na cusa yatsana cikin fankar.

Ƙarar da ta yi ba zan manta ba. Ta tsinke mani farce da naman kan yatsa, fukafukanta suka karye suka tarwatse, jini ya fantsama a allo da rigar Rabo. Ta tsaya. Sai kukan janareto ya rage a waje. Na riƙe hannu ina cewa a raina, mutu, don Allah mutu. Amma shegiyar fankar ta riga ta sanyaya na'urar sosai, zafin bai taru da wuri ba. Ta cikin ɗigon jinina kowa ya ga Harisu ya zaro wani guntun ƙarfe mai faɗi, ya kwantar da shi a kan gaɓoɓin yatsunsa, ya bi shi da igiya.

Baba Audi ya ce, "Innalillahi." Ya sunkuyar da kai.

Mutanen Sabuwa suka yi kan Harisu gaba ɗaya. Na faɗa tsakiya, aka sauke mani gora a ƙeya, na tashi aka ƙara mani, wani ya take mani wuya da ƙafa. Ina kwance ina gani suka ja Harisu waje, suka danne hannunsa a kan kututturen da Baba Audi ke sara nama a kai. Rabo ya ɗaga adda. Tsohon da ya ce ya zare hannunsa, shi ya kama kaifin da tafinsa, jini na bin gwiwar hannunsa, yana cewa, "Rabo, kada ka cire, don girman Allah." Rabo ya saki addar, ya karɓi gora mai ƙarfe a kai. Ya yi ta dukan hannun nan har ya gaji, Harisu na kiran sunan innarmu. Suna cikin haka na ji na'urar ta yi fit ta mutu a zaure, ba mai kallonta.

Maɗori ya yi iya yinsa, ya ce hannun zai zauna a jiki, amma ba zai ƙara dunƙulewa ba, ba dambe, ba wuƙa. A ɗakin innarmu aka kwantar da mu, tabarma kusa da tabarma, kowa da naɗaɗɗen hannu. Na ƙi yi mashi magana. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, ina tuna idon Maharazu, ina tuna yadda na daki ƙirji a gaban mutane.

Innarmu ta kawo fura ta ajiye ta fita. Harisu ya gwada ɗaukar ludayi da hagu, ya zubar a ƙirji. Ya kalli rufi, hawaye na gangara mashi cikin kunne, ya ce, "Ai na ce maka mai arha ma ta yi, Yaya."

Na miƙe na wanke shi da mari da hannuna mai lafiya. Sannan na ɗauki ludayin da hannun nan, na ce ya buɗe baki.