Kifin Ranar Talata

Shekara huɗu ke nan Mai Ɗinki tana rufe shagonta duk ranar Talata, ta tafi kicin ɗin coci ta yi girki don mutanen da ba su da wurin kwana. Mijinta yakan tsokane ta, wai tukunyar coci ta fi tasa samun man gyaɗa.

Wannan Talatar ta iske firji a kashe. Wani ne ya zare wayarsa ya jona fanka, ya manta bai mayar ba. Kifin da wata 'yar kasuwa ta ba su kyauta ya saki, ruwa ya kwanta a gindin roba. Ta shinshina, ta danna da yatsa, ta sake shinshinawa. Akwai ɗan ƙarni, amma wane kifi ne ba shi da ƙarni? Ta leƙa ta taga, ta ga layi har ya fita bakin titi, mutum ya fi hamsin. Sai ta wanke shi da lemon tsami, ta soya shi ƙayau, aka raba da shinkafa. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Washegari da hantsi tana kan keken ɗinki, mai gadin coci ya tsaya a ƙofar shagon.

“Mama, kin ji an kai Kafinta asibiti? Tun asuba yake amai yana murƙususu.”

Kafinta dattijo ne da ke kwana a ƙarƙashin gada tun da gobara ta cinye shagonsa da ɗakinsa. Shi yake gyara musu bencin coci ba tare da an roƙe shi ba.

Ta tsayar da keken. “Shi kaɗai?”

“Shi kaɗai dai na ji.”

Ko rigar da take ɗinkawa ba ta zare daga keken ba. A cikin mota bakinta yana ta motsi, amma addu'ar ta ƙi wuce “Ya Ubangiji, ka yi mini jinƙai.” Fuskokin jiya ne suke ta zuwa mata: mai turin baro, tsohuwar da ba ta da haƙori, mutumin da yake kiranta Yaya alhali ya girme ta.

Ta sami Kafinta a gadon ƙarshe, ana ƙara masa ruwa, leɓensa ya bushe. Ta durƙusa.

“Baba, ka yafe mini. Kifin nan na jiya, firji ya kwana a kashe, ni kuma na dafa.”

Ya buɗe ido da ƙyar. “'Yata, ni da kifi ai sai kallo. Gyambon cikina ne ya tashi, tambayi nas. Nawa kason ma matar nan mai juna biyu na ba, wadda ke kwana a tasha. Ta haɗa da nata ta cinye tas.”

Mai Ɗinki ta miƙe zumbur. Kaso biyu, ga cikin wata takwas.

Tashar mota ta cika maƙil, ana ta lodi da ihu. Ta tambayi mai shayi, ya ce tun safe bai ga matar ba, kuma ba ta saba fashi ba. Ta duba rumfar fasinja, ta duba bayan ofishin tikiti inda kwalayen da masu kwana a tashar ke shimfiɗawa suke jingine. Ga ƙullin kayan matar, babu ita. Har Mai Ɗinki ta juya za ta koma asibiti ta duba ɗakin haihuwa, sai ta hango ta a bakin famfo, ta buɗe ƙafa tana wanki.

“Ƙanwata! Lafiyarki ƙalau? Cikin fa? Ba amai, ba zawo?”

Matar ta ɗago tana mamaki. “Lafiya lau, Mama. Ɗan nan ne dai yake ta harbina tun jiya, ina jin ƙarin kifi yake nema.”

Mai Ɗinki ta zauna daɓas a kan bokiti, dariya da kuka suka haɗe mata.

Daga nan gidan Fasto ta nufa, ta kwashe komai ta faɗa wa matarsa. Matar Fasto ta ce, “Da kin kira ni, da shinkafa da mai muka ba su, ba wanda zai mutu. Don ba su da gida, ba shi ke nufin ba su da ciki ba.” Maganar ta yi mata zafi, amma ba ta musa ba.

Tare suka fita, suka bi gada da tasha da bayan kasuwa har la'asar. Sun samu mutum talatin da wani abu. Mai turin baro ne kawai ya ce cikinsa ya ɗan juya, shi ma ya ɗora laifin kan ruwan da ya sha. Sauran ba a san inda suka shiga ba, kuma har yau ba ta san yadda suka kwana ba.

Da yamma ta koma asibiti da zanen gado da sabulu, don nas ta ce Kafinta ba shi da mai jinya. Kwana shida ta yi tana zirga-zirga kafin a sallame shi.