Gwaji a Kan Tabarma

Kwana goma sha tara ke nan da Lirwanu ya faɗi da babur a hanyar Shagari. Mai ɗori ya ce sai ya cika arba'in a kwance kafin ƙafar ta taɓa ƙasa. Da farko ya yi haƙuri, domin kwamfutar da suke amfani da ita shi da ƙanwarsa Ramla tana bisa cikinsa, yana tseren mota tun hantsi har la'asar. Sai kwamfutar ta fara nauyi. Motarsa za ta sha kwana ta ƙame, kafin ta motsa kowa ya wuce ta. Ranar Talata ya rufe ta, ya ture gefe, ya jawo waya. Ramla na shara a ƙofar ɗaki ta ji yana gaya wa abokinsa Aliyu ya zo da babur ran Juma'a bayan masallaci, ya kai shi gidan gem a Shagari.

"Yaya, mai ɗori hwa ya ce..."

"Mai ɗori ak kwance ko ni? Yi shararki, malama."

Inna ta ji, ranar sau biyu ta sa gishiri a miya. Kowa a Horo Birni ya san wanda ya hau babur da ɗanyen ɗori, ƙashin gocewa yake yi, ɗingishi kuma ya zauna ke nan.

Ramla ba ta iya gardama da yayanta, karatu ta iya. Ta wuni Laraba tana bincike a waya, har ta gano ana iya sauke tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a ɗora wata mai suna Linux, wadda iri-iri ce. Ta rubuta sunan wadda aka fi yabo wajen wasa a bayan littafinta. Da safiyar Alhamis ta naɗe kwamfutar a ɗankwali, ta shiga motar Bodinga.

Shagon Malama Zulaihatu mai gyaran kwamfuta ɗan ƙarami ne, kusa da masu ɗinki. Mace ce gajera mai tabarau, da ƙaramin sukundireba soke a bakin hijabi. Ramla ta gaishe ta, ta miƙa littafin.

"Wagga nike so a sa min, Anti."

Malama ta dubi sunan, ta ajiye littafin kamar ba ta gani ba.

"Wa ka amfani da ita?"

"Ni da Yayana. Ni rubutun makaranta, shi tseren mota."

"Bisa tebur?"

"A'a, kwance shike. Ya karye ga cinya." Nan Ramla ta kwashe labarin duka, har da babur ɗin Aliyu.

"Akwai wuta gidanku? Sabis hwa?"

"Sola ƙarama. Sabis kuma sai an hau bisa turmi bayan rumbu."

Malama ta yi dariya har tabarau ya zame. Ta fara kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar zuwa wani faifai, rubutun Ramla da wasannin Lirwanu, tana cewa ba ta taɓa komai sai ta adana kayan mutane. Sannan ta jawo gwangwanin madara, ta zazzage filas na kwamfuta guda uku, kowanne da nasa irin Linux a ciki, da zare a wuya: ja, kore, baƙi.

"Wadda kika rubuta ita ce mai jan zare. Dukkansu ana iya ɗanɗana su daga filas ba a goge komi ba."

"Kuma da gaske ba a sayen lasisi?"

"Kin san irin albasar da mutanen Danchadi ka ajiyewa da kansu? Ki shuka, ki ba maƙwabta, in kin iya ki inganta shi, ba mai tare ki. Haka waɗanda sunka yi ta sunka bar ta buɗe."

Abin da ya biyo baya Ramla ba ta taɓa karanta shi a ko'ina ba. Malama ta zare caja, ta kashe intanet ɗin shagon, ta janye kujera, ta shimfiɗa tabarmar sallarta a bayan kantar shagon. Ta kwanta rigingine, ta miƙe ƙafar dama tamkar an ɗaure ta da karare, ta ɗora kwamfutar a cikinta.

"Miƙo jan."

Wata tela mai suna Saratu ta leƙo neman aron almakashi, ta tsaya baki buɗe.

"Zulai, lahiya? Ko aikin ya kashe ki?"

"Na karye, Saratu. Zo da kunu."

Jan ya buɗe da kyau kamar hoton kalanda. Da taimakon wata 'yar manhaja mai yi wa tsofaffin wasanni tafinta, motar Lirwanu ta tashi, tana gudu sumul. Zuciyar Ramla ta yi fari. Amma Malama ta ci gaba da tuƙi, tana afka wa shinge tana tsaki. Bayan kamar minti ashirin ta kira ta.

"Kawo hannunki nan ƙasa."

Ramla ta taɓa, ta janye da sauri. Zafi kamar tanda.

"Ba laifinta ba ne, don sabbin injuna anka yi ta, taku kuwa tsohuwa ce. Kuma dubi batir, ya kusa rabi. Wanga zahi bisa cikin majinyaci, kwana ɗaya zai jefar da ita ya kira Aliyu."

Baƙin bai daɗe ba. Ya yi sanyi, amma komai sai an rubuta masa umarni da hannu biyu, Malama ta ce wannan na masu zaman kujera ne da son wahala, irinta. Kore ya zo ba ado, kamar allon makaranta. Motar ba ta kai ta mai jan zare sheƙi ba, sai da aka rage inuwar bishiyoyin gefen hanya, amma ba ta ƙame ko sau ɗaya ba. Rabin awa, cikin Malama bai ji komai ba. Ta tashi zaune, ta sa Ramla ta buɗe rubutunta ta ƙara layi biyu, ta adana, ta sake buɗewa.

"Gaskiya guda," in ji Malama. "Wasan ƙwallonshi ba ya tashi nan, na gwada sau ukku. Kar ki ɓoye mai. Yanzu ke za ki zaɓa, kayanku ne."

Ramla ta dubi littafinta da sunan da ta ja wa layi biyu. Ta tuna turmin bayan rumbu, da hannunta da har yanzu yake ɗumi.

"Koren, Anti."

Kafin azahar an gama. Malama ta nuna mata yadda za ta sabunta manhajar duk lokacin da ta shigo gari, ta kuma sa ta maimaita da hannunta har sau biyu. Da Ramla za ta fita, ta jefa mata wani tsohon hannun gem a jaka.

"Aro ne. Ran da ya taka ƙasa, shi da kanshi zai maido min."

Lirwanu ya karɓi kwamfutar yana yatsina fuska. Da ya ji babu ƙwallo ya ce daman ya sani, an je an lalata masa kaya. Ramla ta fita, ta zauna tsince shinkafa kusa da taga. Ta ji ƙarar injin motar wasan ta tashi. Ta jira ta ji tsaki, ba ta ji ba.

Ran Juma'a bayan masallaci babur ya tsaya a ƙofar gida. Inna ta saki muciya, ta dubi Ramla. Aliyu ya yi sallama ya shiga ɗakin.

"To sarkin kwance, tashi mu tai."

"Zamna tukuna. Ga hannu guda, in ka ci ni sau ɗaya mu tai."

"Kai da ba ka da ƙahwa?"

"Da ƙahwa aka tuƙa wagga? Zamna ka gani."

Aka kira la'asar, Aliyu ya fito ya yi alwala, ya koma. Akuya ta zo ta kwanta a inuwar babur ɗin. Can Lirwanu ya ɗaga murya.

"Ramla! Wagga matar ta Bodinga, mi ta yi ma abin ga?"

Ramla ta leƙa, tana ɓoye murmushi a gefen mayafi.

"Kwanciya ta yi, Yaya."

"Kwanciya?"

Bai jira bayani ba, don Aliyu ya kusa wuce shi a kwana. Inna ta ɗauki muciyarta, ta ce a ƙara tuwon mutum ɗaya.