Asibitin da Ya Maƙale a Gosulo

Daren jiya, da na kwanta da gajiyar hanya, na yi wani mafarki. Ga ni cikin adaidaita sahu, Inna mahaifiyata ta jingina a kafaɗata. Wankin ƙoda zan kai ta, ƙarfe takwas aka ce mu je.

Gosulo ya tare mu. Ya daɗe har gero ya tsiro a rufin motoci, wata mata a bas ɗin gabanmu tana shanya wanki a madubi. Na tambayi direbanmu, wani dattijo Malam Ɗan'asabe, yaushe za mu motsa.

Ya ce, "Mahaifina ne ya shigo layin nan, ni gadonsa na yi. Amma bara an matsa taku biyu."

Inna ta ce, "Ɗan nan, ƙafafuna sun fara kumbura."

Na sauka neman mai ba da hannu, sai na tsinci kaina a ofishin masu sassauta cunkoso. Kunkuru ne shugaba, ya kafa hula zanna, hawainiya na riƙe masa biro.

Na durƙusa. "Ranka ya daɗe, mahaifiyata ba ta da lafiya."

Ya ce, "Ai ba zaune muke ba. Mun gina gadar sama. Ta hau lafiya, saukowa ce aka manta. Waɗanda suka bi ta suna can, da damina mukan ji hon ɗinsu. Mun wanke motoci da ruwan zafi don su tsuke, sai titin ya tsuke. Mun raba ranakun fita, mun ba dogaye Litinin, gajeru Talata, kowa ya rantse shi matsakaici ne."

"To ni yaya zan yi?"

"Koma ka zauna. Tunda mutane sun kasa zuwa wurare, yanzu wurare ne ke zuwa wurin mutane. Asibiti na hanya."

Ashe gaskiya ya faɗa. Ina komowa na hango asibitin, ƙatti arba'in sun ɗauko shi a ka, likitoci na leƙowa ta taga. Kasuwa na biye da shi tana masa hon. Shi ma ya maƙale, a ɗaya hannun. Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba.

Na goya Inna zan tsallaka. Danja ta nuna ja, ƙafafuna suka kafe.

Na ce wa danjar, "Don Allah ki ba mu kore."

Ta ce, "Koren bai iso aiki ba. Yana gosulo."

Muna nan tsaye rana ta take. Inna sai rage nauyi take a bayana, har ta koma kamar zani.

Ta ce, "Sauke ni, ɗan nan. Ga wata hanya can, babu kowa."

Na sauke ta. Kumburin ya sace. Ta gyara mayafinta, ta bi wani siririn titi fes a tsakanin motocin, ba ta waiwayo ba. Duk masu hon suka yi tsit. Na yunƙura zan bi ta, Malam Ɗan'asabe ya riƙe min riga.

"Yi haƙuri, Malam. Wannan hanyar sai an kira mutum."

Ina ta ƙwala mata kira, amma muryata ma ta shiga layi, ba ta kai gare ta ba.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Matata Lantana ce ke share ƙofar ɗakin Inna, wanda ke kulle tun ƙaramar Sallah.