Ranar da Za a Yanke wa Lifta Hukunci

Mai Agogo na ƙoƙarin wuce masu hawan bene sai direban ofis ya tare masa hanya, yana haki.

"A'a, yau kai ma ka hau? Jama'a a buɗa, ga mijin amarya."

Amaryar da suke nufi agogon atom ne da ke ƙulle a wani ɗaki na ƙasa. Akwati ne mai kama da ƙaramin firji, ba hannu ba lamba, amma da bugunsa kamfanonin waya ke daidaita lokacinsu. Ba ya son ɗumi ya canza, ba ya son raɓa, ba ya son jijjiga. Duk Mai Agogo, wanda ke kula da shi, ya kare shi daga waɗannan, duk da haka bugun ya riƙa kaucewa da safe da lokacin tashi. Ya zargi injin lifta da ke bayan bango, mai maganaɗisu, ya roƙi a tsayar da ita a gwada. Tun daga ranar kowa ke hawa da ƙafa, kowa kuma ya san sunan wanda zai zaga.

"Da nawa ma yake kuskuren?" direban ya tambaya.

"Ba za ka gane ba."

"Gwada ni."

"Har jikokin jikokinka su tsufa bai tara daƙiƙa ɗaya ba."

"Kuma a kan wannan muke zubar da gwiwa?"

Mai Agogo ya raɓa shi ya wuce. Ya gaji da bayanin cewa ƙanƙanuwar kaucewar nan kan sa layukan waya su yi karo. Kowa sai ya ce wayarsa lafiya lau.

A kwanar hawa na uku ya iske Gwaggo zaune kan matakala, jaka a cinya, tana murza gwiwa. Ita ke wanke kwalaben gwaji a hawa na ƙarshe. Likita ya gaya mata ko bene ko gwiwa, ta zaɓi ɗaya.

"Ɗana, yau ne ko?"

"Yau ne, Gwaggo."

"To, a gaishe da amarya."

Ya ƙarasa ofishin shugabar sashe, wadda ba ta son dogon zance. Ta nuna masa kujera.

"Lifta ce ko ba ita ba? In ita ce, an rufe ke nan. Bana ba inda za mu mai da agogon."

Ya dubi tafin hannunsa. Tun da aka tsayar da liftar bugun ya miƙe kamar zare. Shi kaɗai ya sani. In ya ce ba ita ba ce, gobe Gwaggo ta danna maɓalli ta hau, kaucewar kuma ta watsu a kan mutanen da bai taɓa gani ba, kowa ya sami rabon da bai kai ya ji ba. Cutar da aka raba wa dubbai har ta ɓace, cuta ce har yanzu? Abin da ya fi ba shi haushi, akwatin ba ruwansa. Shi aka bar wa kayan.

"Ina jin ka," in ji shugabar.

"Ita ce, ranki ya daɗe."

"Shi ke nan."

"Amma ina da roƙo. A ba Gwaggo ofishina na ƙasa, akwai famfo. Ni in koma sama, in riƙa sauko mata da kwalaben."

Shugabar ta ɗaga kafaɗa. "In ta yarda."

Ya sauko da ɗan sauƙi a ƙirji. Gwaggo ta ci hawa ɗaya kacal. Ya tsuguna ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ya gama.

"Ɗakin nan da ke manne da na amarya?"

"Shi."

"Wanda kake sa rigar sanyi da tsakar rana?"

"Ba a iya rage na'urar sanyin, Gwaggo. Iska ɗaya suke sha."

Ta yi 'yar dariya. "Ɗana, bene yana cin gwiwar nan a hankali. Sanyi kuwa a rana ɗaya zai gama da ita. Ka riƙe ɗakinka."

Ta kama ƙarfen matakala ta miƙe. Ya kai hannu ga jakarta, ta janye.

"Matsa, kana tare mutane."