Shafin da Wilma Ta Karanta wa Ɗanta

Ranar Lahadi Wilma Pinas tana cikin fitar da gasasshiyar kaza daga tanda, sai ɗanta Clifton ya faɗo gidan, ko rigar sanyi bai cire ba, ya wurga wani littafi kan tebur.

"Mama, ga abin da ya lalata min 'ya. A makarantarsu ta aro shi. Sai na je na sa sun kwashe irinsa kaf."

Charissa yake nufi, 'yar shekara goma sha biyar. Watan jiya ta aske gashinta, ta ce ita a ranta namiji ce, a riƙa kiranta Milan. Uban ya yi faɗa kamar zai rushe gida, shi ya sa ta kwaso kayanta ta dawo wajen kakarta a kudancin birnin Rotterdam na ƙasar Holland.

"Ka karanta?" in ji Wilma.

"In karanta me? Bangon ma ya ishe ni."

Ita ma Wilma abin ya fi ƙarfin tunaninta. A coci ta girma, can ƙasar Suriname, kuma ta sha kuka a ɗaki kan jikar nan. Duk da haka ta ce ya bar mata littafin tukuna. Ta sa tabarau ta yi ta binsa a hankali. Labarin wani matashi ne baƙar fata da aka haifa mace. Wasu wuraren sai ta rufe, ta daɗe tana kallon taga. Amma da ta kai wani shafi, sai ta sa masa alama ta ajiye littafin.

Da Clifton ya dawo mako na gaba, ta ce, "Zauna, ɗan nan."

"Mama, ina da aiki."

"Aikin naka ba zai gudu ba. Zauna."

Ta karanta masa inda masu gadin wani kanti suka tare matashin a bakin ƙofa, suka zazzage jakarsa a gaban jama'a, ba su sami komai ba, suka ce ya tattara ya ɓace. Ya durƙusa yana tsintar kayansa, turawa suna tsallake shi.

Clifton ya sunkuyar da kai. Haka aka yi masa shi ma saboda baƙar fatarsa yana ɗan shekara goma sha shida, ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

"Wannan na san shi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗayan ne ban sani ba, wai mace ta ce ita namiji ce."

"Ni ma ban sani ba. Amma yaron nan namu duka biyun yake ɗauke da su, shi kaɗai."

"Yaro kika ce?"

"Haka ya roƙa. Bakina yana kuskure, ina gyarawa."

Ya miƙe ya tafi, ko abincin bai taɓa ba.

Bai je makarantar ba, kuma bai ce jikan ya koma gida ba. Milan ya ci gaba da zama wajen Wilma har sanyi ya wuce. Clifton yakan zo ranar Lahadi, su ci abinci su uku, hira ba ta da yawa. Har yanzu bai kira sabon sunan ba, amma ya daina kiran tsohon. In zai yi magana sai ya taɓa kafaɗar Milan ya ce, "Miƙo min shinkafar."