Hannun da Ya Dace da Roba

Umma tana durƙushe ta tura roba ƙarƙashin tankin kifin lokacin da Auta ya shigo da sifana, rigarsa ta gareji duk baƙin mai.

"Matsa, Umma. Wannan ai ba aiki ba ne."

Tun safe ruwa ke ɗiga daga mahaɗar da ke ƙasan tankin, inda bututun tace ruwa yake murɗe a cikin noti na roba. Babbar 'yarsu ce ta kawo tankin bayan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Shi da ya tsufa yana gyaran famfo a gidajen mutane, sai ya koma ko kofi ba ya yarda ya riƙe da hannun dama. Kifayen nan su kaɗai ke fito da shi falo. Abin da Umma ke tsoro ke nan: in tankin ya tashi aiki, Baba ya koma ɗaki ya juya wa bango fuska.

Baba yana kujerarsa yana kallo.

Auta ya kafa sifana ya murɗa yadda yake ɗaure tayar mota. Sai aka ji ƙas! Ɗigon ya zama tsartuwa.

"Innalillahi! Auta, ka kashe mu!"

"Wallahi kaɗan na taɓa shi!"

"Kaɗan ɗinka ai ya fi na wani da yawa. Ɗauko baho!"

Suka kwashe kifayen da ruwansu zuwa bahon wanki, suka rage sauran ruwan da bokiti. Wani ja mai dogon wutsiya, wanda Baba ke kira Sarkin Kwaɗayi, sai zagaye yake yana buɗe baki a saman ruwa.

"Ba za su daɗe a nan ba," in ji Baba. Maganarsa a hankali take fita tun bayan ciwon. "Babu iska. Cire notin ka tafi da shi kasuwa. Irinsa sak. Ka haɗo da farin tef."

Umma ta ɗago ta dube shi. Rabon da ya ba wani umarni har ta manta.

Kafin Auta ya dawo, tana ɗibar ruwan bahon da kofi tana zubawa daga sama, yadda Baba ya ce, don iska ta shiga. Bayanta ya riƙe, amma ba ta tsaya ba.

Auta ya dawo yana gumi, riƙe da sabon noti da tef. Ya kama naɗa tef a haƙoran bututun.

"Warware," in ji Baba. "Ka naɗa a baibai. In ka murɗa, zamewa zai yi. Bi da shi inda noti zai bi."

Ya sake naɗawa. Ya miƙa hannu wajen sifana.

"Ajiye wannan. Roba ba ƙarfe ba ce. Da hannu."

Auta ya murɗa da hannu, jijiyoyin damtsensa suka tashi, robar ta fara ƙara.

"Tsaya! Kai ko gaisawa ka yi da mutum sai ya nemi mai ɗori."

Umma ta yi dariya ba ta shirya ba. Auta ya sosa ƙeya.

"To Baba, ni ban san inda ake tsayawa ba."

Baba ya ce, "Kama ni."

Suka zaunar da shi a ƙasa kan matashi. Wurin ya matse, hannun hagu ba zai kai ba. Ya dubi na daman kamar baƙon da bai gayyata ba, sannan ya ɗaga shi da na hagun ya ɗora a kan mahaɗar. Ya warware abin da Auta ya ɗaure, ya sake kamawa. Murɗi kaɗan, ya huta. Wani kaɗan, ya huta. Umma ta so ta ce ya bari haka, sai ta kama bakinta. Har hannun ya kai inda ba zai iya gaba ba.

"Nan ne," in ji Baba. "Zuba ruwa."

Suka zuba. Umma ta shimfiɗa busasshen tsumma a ƙasa, su uku suka zuba masa ido. Tankin ya cika, injin tace ruwa ya fara kumfa, tsumma bai jiƙe ba.

"Alhamdulillahi," ta ce a hankali, ta sake faɗa.

Auta ya mayar da kifayen. "Baba, ashe ƙarfin da ya rage maka shi ne daidai."

"Tafi ka wanke hannu, duk ka shafa min baƙin mai a gilashin tanki."

Da la'asar Umma ta shiga kicin. Famfon wanke-wanke ya daɗe yana ɗiga, ta ɗaure bakinsa da tsumma don kada Baba ya ji ransa ya ɓaci. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta kwance tsumman, ta ajiye kwanon silba a ƙarƙashi, ta bar ƙofar a buɗe.

Ba a jima ba murya ta zo daga falo.

"Wai mene ne ke ɗiga a can?"